Waiwaye: yadda cire matatar hayaƙi ya koma yi wa kwamfutar mota ƙarya

A Amurka har yanzu ana kai ruwa rana tsakanin masu motocin gudu da masu kare tsabtar iska kan cire matatar hayaƙi mai rage gubarsa, wadda makanikanmu ke kira indomi, daga salansa. Waɗancan na cewa motarsu ce, waɗannan na cewa iskar ta kowa ce. Rigimar ba yau ta fara ba.

Dokar tsabtace iska ta 1970 ce ta sa daga 1975 yawancin sababbin motoci a can suka riƙa fitowa da matatar, aka kuma koma fetur marar dalma domin dalma na kashe ta. Da yawa daga matatun farko cike suke da ƙwayoyi kamar tsakuwa, suna shaƙe inji. Wanda ya yanke tasa ya jona bututu zalla yakan ji bambanci, kuma a nan aka haifi imanin cewa matata na cin ƙarfin mota.

Shekarar da ba a cika ambato ba ita ce 1996, lokacin da tsarin OBD-II, wanda kwamfutar mota ke gano matsala da shi, ya zama dole ga sababbin motoci a can. Kafin nan na'urar auna oksijin da ke gaban matata ce ke gaya wa kwamfuta ta ƙara ko ta rage mai, domin a tsaya kusa da kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na fetur. Sabon tsarin ya sa wata na'urar a bayan matata, tana lura da ko tana aiki. Ka cire matatar, hayaƙin gaba da na baya su zama iri ɗaya, sai fitilar gargaɗi ta kama, injin bincike ya nuna P0420, lambar da ke nufin matata ba ta aiki yadda ya kamata.

Daga nan zarto da walda suka daina wadatarwa. Sai a ɗaura wa na'urar baya ɗan ƙarfe mai nesanta ta da hayaƙi, ko a shiga kwamfutar mota a rufe wa na'urar baki. Tunda an riga an shiga, sai a taɓa yawan mai da lokacin tartsatsin fulogi. Ƙarin ƙarfin da mai mota ke ji, sau da yawa daga wannan saiti yake zuwa, shi kuwa sai ya yaba wa bututun. Matatun zamani masu ramuka kamar saƙar zuma ba sa shaƙe inji kamar na da. Injin turbo, mai na'urar da ke tura masa ƙarin iska, shi ne ke ɗan cin riba, shi ma in ba a gyara saitinsa ba matsin iska na iya wuce ƙima ya yi ɓarna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin motocin nan ba a filin tsere suke yini ba. Suna tsaye a cunkoso, fitilar gargaɗi a kashe, gubar kabon monokzayid na fita daidai tsayin hancin yaron da ke tsallaka titi.