Kuɗin meri: inda suke fitowa, mai riƙe da su, da dalilin jiran ɗan kwangila

A garuruwan Kamaru irin su Gidar, Mokolo, Yagwa, Meiganga ko Banyo, kowa yana da hulɗa da meri, wato ƙaramar hukuma, ko bai so ba: mai rumfa yana biyan tikiti, mahauci yana biyan kuɗin yanka, mai gini yana neman izini. Ga tambayoyin da aka fi yi game da kuɗin, da amsoshinsu.

Su wa ke tafiyar da meri, kuma wa ke samansu?

Kamaru tana da ƙananan hukumomi 360, ban da hukumomin manyan birane 14, waɗanda a arewa suka haɗa da Garwa, Marwa da Ngaundere. Dokar da ke tafiyar da su duka ita ce ta 24 ga Disamba 2019. Jama'a suna zaɓen kansiloli na shekara biyar, su kuma kansiloli su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Yawan kansiloli yana bin yawan jama'a: 25 idan mutanen ba su kai dubu 50 ba, 31 daga nan zuwa dubu 100, sai 35, sai 41, sai 61 ga wadda ta haura dubu 300. Perefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, shi ne ke sa ido a madadinta, a Yawunde kuma akwai ma'aikatar kula da ƙananan hukumomi da aka kafa a 2018. Lamido da lawanai da jauro suna da baki a gari, ana kuma neman taimakonsu wajen wayar da kan masu biyan haraji, amma asusun meri ba ya hannunsu.

Daga ina kuɗin suke zuwa?

Hanya uku ce, kuma wadda mutane suka fi gani da ido ita ce mafi ƙanƙanta a yawancin ƙananan garuruwa.

Ta farko, abin da meri ke tarawa a cikin gari: tikitin kasuwa, hayar shaguna da rumfuna, kuɗin yanka a mayanka, kuɗin tasha da na ajiye mota, harajin dabbobi da na ratsawar garke, kuɗin tare hanya da yashi ko bulo, kuɗin fansar dabba ko babur da aka kai ma'ajiyar meri, da izinin gini, wanda ake lissafawa a kashi 1 cikin ɗari na ƙimar ginin. Garin da ke da babbar kasuwar shanu, kamar Bogo ko Ngawi, ko kasuwar mako mai cika kamar ta Lahadi a Pitowa, ya fi maƙwabtansa ƙarfi a wannan ɓangaren, in dai kuɗin suna isa asusu.

Ta biyu, harajin da ofishin haraji na gwamnati ke karɓa a madadin meri: patanti (harajin gudanar da kasuwanci), lasisin masu sayar da giya, harajin fili da gida, da harajin ƙananan 'yan kasuwa. Wannan na ƙarshe ya sauya. Dokar harajin ƙananan hukumomi ta 23 ga Disamba 2024 ta kawo harajin dunƙule ga wanda cinikinsa bai kai sefa miliyan 50 a shekara ba, a maimakon tsohon liberatuwar da 'yan tireda suka saba da shi. A nan ne kuma ake samun ƙarin kashi goma da ake ɗorawa a kan manyan harajin ƙasa domin ƙananan hukumomi. Misalinsa a bayyane yake a harajin kayan saye: asalinsa 17.5 cikin ɗari ne, aka ƙara masa kashi goma nasa, wato 1.75, ya zama 19.25. Wanda ya sayi siminti na sefa 100,000 kafin haraji ya biya 19,250 a kai, kuma 1,750 daga ciki shi ne wannan ƙari. A rabon da aka yi shekaru ana bi, gwamnati tana cire 10 cikin ɗari na wannan ƙari ladan tarawa, FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, ta ɗauki 20, ƙananan hukumomi su sami 70. Tunda manyan kamfanoni a Duwala da Yawunde suke biyan harajinsu, babban ɓangare na wannan 70 ɗin ana tara shi wuri ɗaya ne, a raba wa kowace meri gwargwadon yawan mutanenta. Ga meri da yawa a arewa wannan shi ne ƙashin bayan albashi da man mota. Matsalar ita ce an daɗe ana dogaro da ƙidayar 2005, alhali garuruwa kamar Mora da Mokolo sun karɓi dubban mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Baki ya ƙaru, rabo bai bi shi yadda ya kamata ba.

Ta uku, abin da gwamnati da masu tallafi ke turowa. Dokar 2019 ta ce kason da za a ware wa yankuna da ƙananan hukumomi kada ya gaza 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Magadan gari sun daɗe suna kukan cewa abin da ke isowa bai kai haka ba. Tun 2019 ana ware wa kowace meri sefa miliyan 100 a shekara don ayyukan raya gari. Ma'aikatu ma suna turo kuɗin aji, rijiyar burtsatse ko ɗakin shan magani, amma waɗannan kuɗi ne masu suna: na aji ba a gyara kwalbati da shi. FEICOM, wadda aka kafa a 1974, tana ba da tallafi da rance na gina kasuwa, ofishin meri ko sayen mota. Bashinta kuwa ba a bin mutum a kansa, daga tushe take cirewa kafin rabon meri ya iso. Shi ya sa sabon magajin gari kan tarar ana yanke masa kuɗin ginin da wanda ya gabace shi ya yi.

Wa ke yanke kuɗin tikitin kasuwa? Yaya zan san na gaskiya ne?

Doka ta sa iyakar sama, majalisar kansiloli ta zauna ta yanke adadin a cikin wannan iyaka, perefe ya amince. Mai karɓa ba shi da ikon ƙara ko dala, sarkin kasuwa ma haka. Tikiti na gaskiya yana da sunan meri, lamba a jere, da adadin kuɗin a buge, ba a rubuce da biro ba. Littattafan tikiti suna fitowa ne daga hannun ma'ajin meri, wanda ake kira resebar. Ana ƙirga wa mai karɓa su, ya dawo da kuɗi daidai da ganyen da ya yaga.

Ɓarakar ta hanyoyi kaɗan take bi, kuma duk ɗan kasuwa ya san su. Akwai littafin da aka buga a ɓoye. Akwai tikitin jiya da ake karɓewa a sake sayarwa. Mafi yawa kuma ita ce sasantawa: a ce "kawo rabi, bar takarda". Mai rumfa yana ganin ya ci riba, amma ranar da aka zo ƙidayar shaguna aka ce ana binsa hayar wata takwas, ba shi da abin nunawa. Hayar shago da izinin gini a biya su a ofishin resebar, a karɓi rasit mai lamba da hatimi.

Yaushe ake yin kasafi, kuma akwai ƙa'idar rabo?

Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba. Kafin a rubuta kasafi ana yin zaman muhawara kan alkiblar shekaru masu zuwa, sannan kansiloli su kaɗa ƙuri'a kafin 15 ga Disamba ta wuce, a kai wa perefe. Yana iya mayar da shi idan shiga da fita ba su daidaita ba, ko an bar abin da ya wajaba kamar albashi da biyan bashi. Idan Janairu ta kama ba a gama ba, ana tafiya da kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kasafin bara kowane wata, sabon aiki kuwa ya tsaya.

Ƙa'idar rabo: ayyukan raya gari kada su gaza 40 cikin ɗari, hidimar yau da kullum kada ta wuce 60, albashin ma'aikata kuma kada ya wuce 35 cikin ɗari na wannan hidimar. A ɗauka kasafin wata meri miliyan 500 ne. Aƙalla miliyan 200 na ayyuka ne, 300 na hidima, albashi kuma iyakarsa 105. A nan ne ake yin wayon da ke jawo wahala daga baya. Meri da ta cika ma'aikata takan kumbura hasashen kuɗin shiga don lissafin ya zauna a takarda. An rubuta 500, abin da ya shigo 300 ne, albashin 105 kuwa ba ya raguwa. Abin da ke mutuwa shi ne rijiya da hanya. Don haka mai son sanin ƙarfin meri kada ya tsaya a kasafi, ya nemi lissafin ƙarshen shekara da ake gabatarwa kafin ƙarshen Maris, inda ake nuna abin da aka karɓa da abin da aka kashe a zahiri.

Magajin gari ne ke riƙe da kuɗin?

A'a. Shi yana ba da umarni, resebar yana karɓa yana biya, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya haɗa biyun. Resebar yana da ikon ƙin biya idan takardu ba su cika ba, domin in ya biya ba bisa ƙa'ida ba shi sashen binciken asusu na Kotun Ƙoli zai tuhuma. Magajin gari ko kansila da ya karɓi kuɗin kasuwa a hannu ya kashe, ko da a kan aikin gari ne, ya shiga hurumin da ba nasa ba, kuma ana iya sa shi ya ba da lissafi kamar ma'aji.

Ina so in yi wa meri aiki ko in kawo kaya. Me zan tanada?

Rajistar kasuwanci, lambar mai biyan haraji, shaidar cewa ofishin haraji ba ya binka, shaidar CNPS (hukumar inshora da fanshon ma'aikata), shaidar ARMP (hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati) cewa ba a hana ka kwangila ba, da asusun banki da sunan kamfanin. Waɗannan shaidu suna da wa'adi. Wanda ya kai wadda ta ƙare, bayan buɗe ambulan ana ba shi awa 48 ya kawo sabuwa, in bai kawo ba a ajiye shi gefe.

Girman aiki ne ke nuna hanyar da za a bi, bisa dokar kwangila ta 20 ga Yuni 2018. Ƙasa da miliyan 5, takardar oda ce kawai. Daga miliyan 5 zuwa ƙasa da 50, wasiƙar oda ce, kuma sai an yi gasa a gaban kwamitin ba da kwangila na meri. Daga 50 zuwa sama, cikakkiyar kwangila. Yanka aikin miliyan 12 gida uku don a kauce wa gasa laifi ne, kuma masu bincike shi suke fara nema. A aikin gini ana iya ba da kuɗin somi har 20 cikin ɗari, amma sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya maka a kan dukkan adadin. Ana kuma riƙe har 10 cikin ɗari sai lokacin garanti ya cika an ga gini bai tsage ba. A sa wannan a lissafi tun farko, tare da kuɗin rajistar kwangila da harajin da za a cire daga tushe. Mutane da yawa ba sa lissafa su, sai a ƙarshe su ga ribar ta narke.

Na gama aiki, wata shida ba a biya ni ba. Ina matsalar take?

Biya yana da matakai huɗu: a ware kuɗin a layinsa na kasafi, a tabbatar an yi aikin an ƙayyade adadin, magajin gari ya sa hannu a umarnin biya, resebar ya biya. Fara da gano inda takardarka ta tsaya.

Idan matakin farko ne ba a yi ba, wato an ce maka da baki "fara, takarda na zuwa", halinka ya fi na kowa muni, domin a idon doka ba a binka aiki, kai ma ba ka bin kowa. Idan na biyu ne, galibi takardar karɓar aiki ce babu, ko sa hannun injiniyan gwamnati ko na mai kula da kayan meri, ko kuma farashinka ya haura jadawalin farashi na gwamnati. Idan an kai na huɗu, to kuɗi ne babu. Rabon da ake jira daga Yawunde na wata uku uku ne a ƙa'ida, amma yakan makara, kuma kuɗin meri suna bi ta baitulmalin gwamnati, inda ganin adadi a takarda ba ya nufin akwai tsaba a ranar. In sun iso, albashin da aka tara ne ke fara cinye su.

Damina ma tana da hannu. Kwangilar da aka sa wa hannu a Yuni, a ƙasar laka ta Logone ko Mayo-Danay, mota ba za ta kai yashi ba sai Oktoba ko Nuwamba, sai shekara ta ƙure aiki bai kai a karɓa ba. Wanda bashinsa ya tsallaka shekara ya tabbatar an sa shi a jerin basussukan da aka amince da su, ya riƙa rubuta takardar tuni ana buga masa hatimin karɓa, domin bashin hukuma da aka bari shekara huɗu ba a nema ba yana iya faɗuwa.

Ɗan gari zai iya ganin waɗannan takardu?

Zai iya. Dokar 2019 ta ba duk mazaunin gari ko mai biyan haraji a cikinsa damar neman kwafin kasafi, lissafin ƙarshen shekara, tsarin raya gari da bayanan zaman majalisa, shi zai biya kuɗin kwafi. Zaman majalisa sau huɗu ne a shekara, kuma a buɗe yake ga mai son saurare, sai in an yanke a yi shi a asirce. A rubuta buƙata zuwa ga magajin gari, a kai ofishin babban sakatare, a riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. In an yi shiru, a kai wa perefe kwafin. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta sami takardar ta duba layi biyu: abin da aka ce kasuwa za ta kawo, da abin da aka rubuta ta kawo. Sai ta ƙirga rumfunanta, ta ninka da kuɗin tikiti da ranakun kasuwa na shekara (52 idan kasuwar mako ce), ta kwatanta.