Tsakuwar Duwatsu Masu Aman Wuta da Tsagewar Kankare: Tambayoyi da Amsoshi

Idan kankare ya tsage a Sakkwato, zafi ake fara zargi, sai ƙarancin siminti, sai rashin ban ruwa bayan zuba shi. Galibi zargin daidai ne. Amma akwai tsagewar da ke tasowa daga cikin tsakuwar kanta, kuma ba ta bayyana sai magini ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Me ke faruwa a cikin kankaren?

Siminti na ɗauke da sinadaran alkali, wato sodiyam da potasiyam, dangin kanwa. Ko bayan kankare ya kama, akwai ɗan ruwan da ke maƙale a ƙananan ramukansa, mai kaifin gaske, a ma'aunin tsami da kaifi da ake kira pH yakan wuce 13. Silika sinadari ne da ke cikin yashi da yawancin duwatsu. Idan tsakuwar na da irin silikar da ƙwayoyinta ba su jeru da kyau ba, ruwan nan sai ya riƙa cin ta, a samu wani abu mai yauƙi. Yauƙin yana shan ruwa yana kumbura. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyi, amma ba ya jure a buɗa shi ta ciki, don haka sai ya tsage. Injiniya Thomas Stanton ne ya bayyana wannan a 1940, bayan ya bi diddigin tsagewar tituna da gadoji a Kalifoniya ta Amurka.

Abu uku ne sai sun haɗu: silika mai saurin ciwuwa, alkali mai yawa, da danshi mai ɗorewa. Aka rasa ɗaya, babu cutar.

Me ya sa aka fi zargin duwatsun aman wuta?

Saboda yadda suka huce. Narkakken dutsen da ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa yana samun lokacin jera ƙwayoyinsa, shi ne ke zama giranit. Wanda aka amayo waje kuwa yana daskarewa da gaggawa, wani ɓangarensa ya zama gilashi, kuma gilashin nan ne abincin alkali. Andisait da rayolait da dasait su ne suka fi ƙaurin suna. Basalt yana da ƙarancin silika, yawanci ya fi su lafiya, amma idan da gilashi a jikinsa shi ma ba a yarda da shi sai an gwada.

Madatsar ruwa ta Parker a kogin Kolorado, wadda aka kammala a 1938, ta fara tsagewa cikin 'yan shekaru saboda irin wannan tsakuwa. Japan ta ga abin a ginshiƙan manyan hanyoyinta a shekarun 1980, yawanci daga andisait. A Aisland har gidajen zama ya taɓa, shi ya sa tun 1979 suke haɗa ƙurar silika, wato garin silika mai laushin gaske, a simintinsu don rigakafi.

To mu a Sakkwato ina ruwanmu, tunda ba mu da dutse mai aman wuta?

Gaskiya ne ƙasarmu ta laka ce da yashi da farar ƙasa, ita ce ma ta sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Amma tsakuwa a mota take zuwa. Giranit ɗin da ake samu ta wajen Zamfara ba ya cikin manyan waɗanda ake zargi, sai dai Najeriya na da duwatsun aman wuta a tsaunukan Jos da na Biu, kuma ɗan kwangilar Sakkwato ba a Sakkwato kaɗai yake aiki ba. Sannan tsakuwar rafi gauraye take, tana iya ɗauke da ƙanƙarar dutse ko makamanciyarta, wadda alkali ke ci duk da ba aman wuta ba ce.

A ganina mai ginin ɗaki biyu da falo kada ya hana kansa barci, rani yana busar da bangonsa. Inda ya kamata a sa ido shi ne abin da ke zaune cikin ruwa: ƙafafun gada, kwalbati, tankin ruwa, magudanan noman rani a fadamar Rima. Nan danshi ba ya yankewa, ga zafi, shi kuwa zafi gaggauta cutar yake yi.

Yaya zan bambance ta da tsagewar yau da kullum?

Lokaci ne shaida ta farko. Tsagewar da ta fito kwana biyu ko wata guda bayan zuba kankare, ta bushewa ce. Ta alkali kuwa takan ɗauki shekaru, sau da yawa biyar zuwa goma ko fiye. Tsagar tana rarrabuwa kamar busasshen taɓo a fadama, wani lokaci da farin abu ko jiƙaƙƙen tabo a bakinta. Inda rodi ya yi yawa, sai ta bi tsawon rodin. Duk da haka ido ba ya yanke hukunci, sai an ciro gutsuren kankaren an duba shi da madubin ƙara girma.

Ana iya gwada tsakuwa kafin a saya?

Ana yi. A gwajin gaggawa na ASTM C1260 (ASTM ƙungiya ce mai tsara ƙa'idojin gwajin kaya, C1260 lambar gwajin) ana jiƙa 'yan sandunan siminti da niƙaƙƙiyar tsakuwar cikin ruwan sodar yin sabulu mai zafin digiri 80 a ma'aunin Salshiyas na kwana 14. Idan kumburin bai kai kashi 0.10 cikin ɗari ba, an wanke ta. Yana da tsanani, har yakan kama marar laifi. Na ASTM C1293 ya fi aminci, amma shekara guda yake ci, abin da masu ba da kwangila ba sa son ji.

Idan ba ni da wata tsakuwar fa?

Sai a rage alkali. A nemi simintin da alkalinsa bai wuce kashi 0.6 cikin ɗari ba, ko a maye gurbin wani kaso nasa da tokar kwal, ko niƙaƙƙen kashin ƙarfe, wato dattin da ke fita wajen narka ƙarfe, ko ƙurar silika. Abin mamaki, tokar aman wuta ita kanta magani ce idan aka niƙa ta lilis, domin tana shanye alkalin tun da wuri, a warwatse, kafin ya taru wuri ɗaya ya yi ɓarna. Tokar buntun shinkafa ma tana wannan aikin, ga buntu jibge a Sakkwato da Kebbi. Amma ba tokar juji ba, Malam: sai an ƙona ta da ƙa'ida, an niƙa, injiniya ya auna.

Wanda ya riga ya kamu fa?

Ba a mayar da shi yadda yake. Ana hana ruwa isa gare shi, a gyara magudana, a toshe tsaga don kada rodi ya yi tsatsa, a riƙa auna kumburin lokaci-lokaci. Filasta a kai ɓoye tsagar kawai take yi, bayan damina ɗaya ko biyu ta sake fitowa.