Waiwaye: Daga aljihun wa albashin 'yan kwana-kwana ke fitowa?

Ranar 19 ga Janairun 2021, cikin tsakiyar hunturu, wuta ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato, ta lashe rumfuna da dukiya mai ɗimbin yawa. Gwamna na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya je ya jajanta. A majalisun gari kuwa, maganar da aka yi ta juyawa ita ce motocin kashe gobara: guda nawa ne, suna da ruwa, me ya hana su isa da wuri? Ba kasafai ake tambayar mutum nawa ne ke bakin aiki a lokacin ba, alhali mota ba ta kashe wuta ita kaɗai.

Aikin kashe gobara a Najeriya ya faro ne a Legas zamanin Turawa, a matsayin wani sashe na 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, wadda yanzu take ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Jihohi kuma kowace ta riƙe tata. Ƙananan hukumomi kuwa, ba su ne ke ɗauke da wannan nauyi ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota, wato wuraren da wuta ta fi yi wa ɓarna, amma ɗaukar ɗan kwana-kwana da biyansa ya zauna a wuyan jiha. Ko da wani shugaban ƙaramar hukuma ya so taɓukawa, kasonsa ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai dai hukuncin bai sauya wanda ke da alhakin tashar kashe gobara ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin kasafin kuɗi. Sayen mota yana shiga ɓangaren manyan ayyuka: a biya sau ɗaya, a yi biki, a ɗauki hoto. Albashi kuwa na ayyukan yau da kullum ne. Wanda aka ɗauka bana, sai an biya shi kowane wata har ya yi ritaya, sannan ga fansho, ga kaki, ga horo. Tun da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, nauyin ya ƙaru. Shi ya sa mai ba da tallafi, gwamnati ce ko attajiri, ya fi son ba da abin da za a rubuta sunansa a jiki.

Amurka ta gwada wata hanya. Can birane ne ke riƙe da 'yan kwana-kwanansu, kuma a 2003 majalisar ƙasar ta kafa tallafin SAFER, wanda FEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, ke rabawa musamman don ɗaukar ma'aikata. A tsarin da aka koma daga baya, tallafin na shekara 3 ne: gwamnatin tarayya ta biya kashi 75 cikin ɗari a shekara ta farko da ta biyu, kashi 35 a ta uku, daga nan birni ya ɗauki kayansa. Wannan ne ke sa kansilolin wasu garuruwa su yi ta jan ƙafa kafin su karɓa, don kada shekara ta huɗu ta zo a ce a sallami mutanen da aka riga aka horar.

A Sakkwato, ƙananan hukumomi 23 ne ke jiran hukuma guda ta jiha, tun daga cikin birni har Illela da Sabon Birni a bakin iyaka. A ganina, duk mai son sanin ko za a ƙara 'yan kwana-kwana baɗi, ya bar jawabin ranar raba motoci, ya buɗe kundin kasafin jiha, ya duba layin albashin hukumar ko ya motsa daga inda yake bara.