Kankare a ƙasar ƙanƙara: yadda ake lissafin kaya da kuɗi idan aikin a ƙauye yake

Kafin mu shiga, a lura da kalmomin nan biyu don za su yi ta karo da juna a nan. Kankare shi ne kwaɓin siminti da yashi da tsakuwa, ƙanƙara kuma ruwa ne da ya daskare. A ƙasashen da hunturu ke da tsanani irin su Kanada da Rasha da Finland da arewacin Amurka, kusan duk wani kuɗi da ya ƙaru a kan aikin kankare daga rikicin waɗannan biyun yake fitowa, sai kuma nisan hanya idan wurin ƙauye ne.

Ta ina ake fara lissafin yawan kankare?

Tsawo sau faɗi sau kauri, shi ke nan, amma duka ukun su zama da ma'auni ɗaya. Nan ne mutane ke zamewa, a auna tsawo da mita a bar kauri da santimita sai lissafi ya fito wani iri. A ce daɓen rumfar ajiye kaya za ka zuba mai mita 8 da mita 6, kaurinsa santimita 10, to sai ka mayar da kaurin 0.10, ka ce 8 sau 6 sau 0.10, ya ba ka kubik mita 4.8. Idan ramin ginshiƙi ne mai da'ira, rabin faɗin bakin ramin sau kansa sau 3.14 sau zurfi, wato rami mai faɗin santimita 30 da zurfin mita 1.5 yana cin kusan kubik mita 0.11. A Amurka da kubik yadi ake sayarwa, shi kuma ɗaya daidai yake da kubik mita 0.76 da ɗan ɗoriya, don haka ka tabbatar da wane ma'auni mai sayarwa yake magana kafin ka ce masa a kawo.

Na yi lissafi daidai amma kankaren bai isa ba, me ya faru?

Ƙasa ba takarda ba ce. Ka ɗauki daɓen nan namu, idan wanda ya baje ƙasan ya ɗan zurfafa da santimita 1 kacal a ko'ina, abin da ido ba zai ma gani ba, kubik mita 0.48 ya tafi, kashi 10 cikin 100 na daɓen gaba ɗaya ke nan. Ga katakon da ke buɗewa idan nauyi ya danne shi, ga gefen rami da ke zaizayewa, ga wanda ke maƙalewa a cikin mota da baro. Shi ya sa ake ƙara kashi 5 zuwa 10 a kan abin da aka samu. Ni dai idan wurin na nesa da gari ne 10 ɗin nake cewa a sa ba tare da wani ciniki ba, domin a gari in ya gaza waya za ka buga a ƙaro, a ƙauye kuwa kafin wata mota ta iso na farkon ya fara kamawa, sai a samu gaɓa tsakanin tsoho da sabo, ta nan ruwa zai riƙa shiga yana daskarewa duk shekara.

Abu mai sauƙi da ke rage wannan asarar, ka ja igiya daga katako zuwa katako ka bi da tef kana auna zurfin a wurare goma ko fiye, ka yi lissafi da matsakaicin abin da ka gani da idonka.

Wai sanyi yana ƙara yawan kankaren da ake buƙata ne, ko dai wahalar zubawa ce kawai?

Yana ƙarawa sosai, kuma wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ruwa idan ya daskare girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sannan ƙasa mai laka ko turɓaya mai laushi tana jawo ruwa daga ƙasa zuwa inda daskarewar ta kai, sai ƙanƙara ta yi ta taruwa hawa-hawa tana ɗaga duk abin da ke kanta, idan ɗumi ya zo ta narke ginin ya sauka amma ba ko'ina yake sauka daidai ba, daga nan sai tsagewar bango da ƙofar da ta ƙi rufuwa. Maganin shi ne a kai fandisho ƙasa da iyakar inda sanyi ke daskarar da ƙasa. Kowane yanki da nasa zurfin kuma yana rubuce a dokar ginin wurin, a jihar Minnesota misali inci 42 ne a kudanci, inci 60 a arewaci, wato mita ɗaya da rabi ke nan.

To mu koma rumfarmu. Kewayenta mita 28. Gindin fandisho mai faɗin mita 0.5 da kaurin mita 0.25 zai ci kubik mita 3.5. Bangon da zai taso daga gindin zuwa saman ƙasa, kauri mita 0.2 tsayi mita 1.2, zai ci kubik mita 6.72. Haɗa da daɓen 4.8, ka samu kubik mita 15 da ɗan kaɗan, sa kashi 10 a kai ya zama 16.5. Ka duba fa, daɓen da mutum yake kallo yana ta lissafi a kansa ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, sauran duk a binne suke, kuma kowane ƙarin zurfi yana jawo ƙarin haƙa da rodi da katako da kwanakin lebura. Wanda ya ɗauko ƙiyasin da aka yi wa irin wannan rumfar a ƙasa mai ɗumi ya ce zai yi aiki da shi a nan, kuɗinsa zai ƙare tun gini bai fito daga rami ba.

Akwai wata dabara da aka daɗe ana yi a Norway da Sweden da Finland, maimakon a haƙa da zurfi sai a kewaye fandishon da allunan soso mai tauri a tsaye da kuma a kwance cikin ƙasa, su tsare ɗumin da ke ƙarƙashin ginin kar sanyi ya kutsa. Kankare yana raguwa sosai, amma kuɗin soson ya shigo, kuma ginin da ba a ɗumama cikinsa irin rumfa yana buƙatar soson har ƙarƙashin daɓe. Wannan injiniya ne zai zana shi, kar a yi da ka.

Idan a wurin zan kwaɓa, buhu nawa ke nan?

Busasshen kaya yana shanyewa idan an kwaɓa, yashi na shiga tsakanin tsakuwa siminti na shiga tsakanin yashi, don haka ake ninka kubik mitan da ake so da 1.54. A kwaɓin 1:2:4, wato siminti awo 1, yashi awo 2, tsakuwa awo 4, kubik mita ɗaya yana cin siminti kusan kilo 317, buhu 6 da ɗan ƙari ke nan in buhun mai kilo 50 ne, da yashi kubik mita 0.44 da tsakuwa kubik mita 0.88. A kwaɓin 1:1.5:3 wanda ya fi ƙarfi buhu 8 ne. Rumfarmu da wannan na biyun za ta ci wajen buhu 132. Akwai kuma buhunan da aka riga aka haɗa komai ruwa kawai za ka zuba, mai nauyin fam 80 sai ka tara 45 kafin ka samu kubik yadi ɗaya, waɗannan na ramukan ginshiƙi ne da ƙananan gyare-gyare, babban aiki da su tsada ne.

Kar a manta da nauyi. Kubik mita ɗaya na kankare kusan tan 2.4 ne, wato kayan rumfar nan sun kusa tan 40 kuma dole wani ya ɗauko su ya bi da su ta hanyar ƙauyen.

Kwaɓin ƙasar sanyi daban yake da na ko'ina?

Eh. Duk kankaren da zai sha jiƙa ya sha daskarewa ana sa masa wani sinadari da ke haifar da ƙananan kumfan iska a ciki, ido ba ya ganinsu, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na jikin kankaren, su ne wurin da ruwa ke samun mafaka idan ya kumbura maimakon ya fasa. Kumfan suna ɗan rage ƙarfi shi ya sa ake ƙara siminti a rage ruwa, nauyin ruwan kar ya wuce 0.45 na nauyin siminti, ƙarfin kuma, wanda ake aunawa da megafaskal, a nemi wajen 30 zuwa sama. Gaskiya wannan yana da wuyar samu daidai da shebur da ƙaramin injin kwaɓi, shi ne dalilin da nake fifita na kamfani ga duk abin da zai zauna a waje.

Ana kuma sa sinadarin da ke hanzarta kamawa. Mafi araha shi ne kalsiyom kuloraid, ba a wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin siminti, sai dai yana cin rodi da tsatsa, in akwai rodi a ciki a biya na marar kuloraid ɗin. Kuma babu ɗayansu da ke hana kankare daskarewa, saurin kamawa kawai suke ƙarawa, lulluɓe shi da bargo yana nan dole.

Nisan hanya fa, yaya yake shiga kuɗin?

Farashin kubik mita da aka faɗa maka a waya yawanci na kusa ne. Ka tambaya ɗaya bayan ɗaya, nawa ne ƙarin nisa, nawa ne ƙarin hunturu na kwaɓawa da ruwan zafi, nawa ake caja idan lodin bai cika mota ba, minti nawa ake ba ka na saukewa kafin kuɗin jira ya fara. Mota ɗaya tana ɗaukar wajen kubik mita 6 zuwa 8, amma rumfarmu ba rana ɗaya za a zuba ta ba, gindi yau, bango bayan ya kama, daɓe daga baya, to ka ga gindin nan mai 3.5 rabin mota ne kuma za ka biya tarar ƙaramin lodi a kansa.

Sai lokaci. Tsohuwar ƙa'idar da kamfanoni da yawa ke bi ita ce a sauke cikin minti 90 daga kwaɓawa. Zafin kwaɓin ma yana zubewa a hanya, a motar da tulunta ke juyawa duk awa ɗaya ana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin zafin kankaren da na iska. In kana so ya iso da digiri 13 na ma'aunin Celsius alhali waje yana 7 ƙasa da sifili, bambanci 20 ne, digiri 5 za su tafi a awa guda, sai kamfanin ya loda shi a 18. Wannan ka faɗa musu tun wajen oda.

Motar da ta cika tana kai tan 30, ka je ka duba gada da kwalbati da laushin hanyar shiga gonar. A wurare da dama a Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen arewacin Turai hukuma tana rage nauyin da aka yarda mota ta ɗauka a ƙananan hanyoyi lokacin da ƙanƙara ke narkewa don ƙasan titin ya yi laushi, sai a riƙa kawo maka rabi-rabi, sawu ya ninka kuɗin ma haka.

Me ake kashewa wajen ɗumama shi bayan an zuba?

Cibiyar kankare ta Amurka, ACI, tana ɗaukar aiki a matsayin na sanyi da zarar iska ta sauka ƙasa da digiri 4 ko ana sa ran za ta sauka a kwanakin da ake tsaron kankaren. Wanda kaurinsa bai kai santimita 30 ba ana so ya zauna a digiri 13, kuma kar ya daskare ko sau ɗaya kafin ƙarfinsa ya kai megafaskal 3.5. In ya daskare yana ɗanye zai iya rasa har rabin ƙarfinsa kuma ba ya dawowa, ka ɗaga leda da safe ka ga zanen ƙanƙara kamar gashin tsuntsu a fuskarsa, ka sa ƙusa ka karce saman yana zubowa kamar gari, wallahi abin akwai ciwo ga wanda ya tara kuɗinsa.

Don haka a ƙiyasi a sa layin barguna masu hana sanyi, a lissafa su fiye da faɗin daɓen domin gefe da kusurwa ne ke fara sanyi, can ake ninkawa kuma can ake cusa ma'aunin zafi. A sa narkar da ƙasa kafin zubi, ba a zuba kankare kan daskararriyar ƙasa ko dusar ƙanƙara ko rodi mai ƙanƙara a jiki. In sanyin ya yi yawa sai rumfar leda da hita da man da za ta sha dare da rana, da mutumin da zai kwana yana dubawa, da janareta in babu wuta. Hitar kuma hayaƙinta ya fita waje, in ya taru a ciki yana lalata fuskar kankaren yana kuma iya kashe ma'aikata, wannan ba wurin tsimi ba ne.

Kuɗin lebura ma yana hawa, abin da ke kamawa cikin awa 6 a digiri 21 yana iya kai awa 14 a digiri 4, masu shafe daɓen za su kai dare suna jira, katako kuma zai daɗe a jiki kafin a cire, in na haya ne kwanaki na tafiya.

To ba gara a jira lokacin ɗumi ba?

In aikin zai iya jira, a jira, musamman daɓen waje da hanyar mota. In ba zai jira ba, ka rubuta ƙiyasi biyu gefe da gefe, ɗaya na yanzu ɗaya na lokacin ɗumi, kankaren da rodi da haƙa iri ɗaya ne a duka biyun, ka ware ruwan zafi da sinadari da bargo da mai da ƙarin awanni a layinsu daban don ka ga ainihin abin da gaggawar za ta ci. Wasu suna raba aikin, su zuba gindi da bango kafin ƙasa ta daskare su mayar da ƙasa su rufe, daɓen kuma sai bayan an yi rufi ko sanyi ya wuce. In haka za ka yi, ka sa kuɗin lulluɓe gindin da ƙasan ciki da bargo ko ciyawa mai kauri har ƙarshen hunturu, don ginin da ba a ɗumama ba sanyi yana iya shiga ta ciki ya ɗaga fandishon.