Killace doki a filin kiwo na bargar haya

Bargar haya wuri ne da mai doki yake biyan kuɗi, mako-mako ko wata-wata, domin a ajiye masa dokinsa, a ba shi ɗaki a barga da wani yankin fili inda za a riƙa sakinsa ya yi kiwo ya warware jiki. Tsarin ya yaɗu a Birtaniya da sauran ƙasashen da yawancin masu dawaki ba su da filin kansu. Akwai bargar da ke ɗauke wa mai doki dukan hidima, akwai wadda ake raba aikin tsakaninsa da ma'aikata, akwai kuma wadda ba ta ba da komai sai wuri. A kowane iri, shingen da ya kewaye filin yana da aiki biyu da dole a haɗa su: ya tsare dokin a ciki, kuma idan dokin ya afka masa kada ya ji masa mummunan rauni. Shingen da ya cika sharaɗi ɗaya ya bar ɗayan bai dace da doki ba.

Dalilan da ke sa doki fita

Babban doki yana kai kilo 500, saboda haka kusan babu shingen da zai gagare shi idan ya ƙudurta fita ko ya firgita. Abin da ke riƙe shi a zahiri shi ne yana ganin iyakar, ya saba da ita, kuma ba shi da wata buƙata a bayanta. Doki dabbar garke ne. Idan aka kwashe abokan kiwonsa aka bar shi shi kaɗai, sai ya kama haniniya yana kai-komo a gindin shinge har ya fitar da turba a ƙasa, daga nan kuma tsallakewa ba ta da nisa. Wannan ya fi faruwa a bargar haya, domin kowane mai doki yana zuwa ɗaukar nasa a lokacin da ya ga dama, shi ya sa barga da yawa suke da ƙa'idar cewa ba a barin doki ɗaya tilo a fili.

Yunwa ce dalili na biyu. Doki yana iya shafe awa 16 a rana yana kiwo, kuma da zarar ciyawar filin ta ƙare zai zura wuya ta saman shinge ko ta ƙarƙashinsa, yana danna shi da ƙirji har ginshiƙai su kwanta. Ƙa'idojin kula da dawaki na Ingila sun kimanta wa kowane doki rabin hekta zuwa hekta guda idan kiwo kaɗai zai dogara da shi. Inda filin bai kai haka ba, zuba ingirici da wadata ruwa suna cikin aikin tsare shinge, ko da yake ba kowa ke kallon su haka ba. Ƙudaje da rashin inuwa da tsangwamar wani doki mai cin zali su ma suna tura doki neman mafita.

Tsayi da siffar shinge

Ƙungiyar Dawaki ta Birtaniya ta ba da shawarar tsayin mita 1.08 zuwa 1.38 ga manyan dawaki, da mita 1 zuwa 1.3 ga ƙuru. Ingarman da ba a dandaƙe ba yana buƙatar fiye da haka, galibi kuma ana yi masa shinge biyu da rata a tsakani don kada ya kai ga goɗiya ko ya yi faɗa da wani ta saman katako. Katakon ƙasa yana zama kimanin rabin mita daga ƙasa, yadda duƙushi ba zai mirgina ta ƙarƙashi ba, kofato kuma ba zai maƙale ba. Ana buga katakan ta cikin fili, domin idan doki ya jingina sai ya danna su a jikin ginshiƙi maimakon ya zare ƙusa. Kusurwa mai tsini haɗari ce, domin a nan doki mai ƙarfi yake ritsa marar ƙarfi, don haka ake lanƙwasa ta ko a datse ta.

Kayan da ake amfani da su

Shingen ginshiƙi da katako shi ne aka fi yarda da shi, saboda doki yana hango shi daga nesa. Yana da tsada, yana ruɓewa daga gindi inda ido ba ya kaiwa, kuma wasu dawakin suna tauna shi. Ragar waya da aka yi musamman don dawaki tana da ƙananan ramuka, kimanin santimita 5 da 10, waɗanda kofato ba ya shiga, saɓanin ragar tumaki mai manyan ramuka wadda take kama ƙafa ko ta sarƙe a takalmin ƙarfen kofato. Wayar da ba a sa mata komai ba siririya ce, doki mai gudu ba ya ganin ta sai ya iso, shi ya sa ake ɗora mata katako ko farin ƙyalle a sama.

Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a Amurka a 1874, an yi ta ne domin shanu masu kaurin fata. Fatar doki ba ta da wannan kauri, kuma ɗabi'arsa idan ƙafa ta sarƙe ita ce ya fizga da dukan ƙarfinsa, sai wayar ta yanka nama har jijiya. Raunin da ke ƙasan gwiwa yana da wuyar warkewa, yana kuma buɗe ƙofa ga ciwon tetanus, mai sandarar da jiki. Bai kamata a bar ta a filin doki ba ko da kuwa ta fi arha.

Shingen lantarki

Bill Gallagher, manomi a Niyu Zilan, yana cikin waɗanda suka fara ƙera shingen lantarki a shekarun 1930, kuma labarin da ake bayarwa shi ne dokinsa ne ya dame shi da soshe jiki a jikin mota. Na'urar tana aika wuta mai dubban bolt a taƙaice, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, wadda take ba da zafi ba tare da lahani ba. Wutar tana bi ta jikin dokin ta shiga ƙasa ta koma na'urar ta sandar ƙarfe da aka kafa, saboda haka busasshiyar ƙasa, ko ciyawa mai taɓa igiyar, ko batir da ya yi sanyi, duk suna rage mata ƙarfi. Doki mai sanye da bargo mai kauri yana iya tura igiyar da ƙirji bai ji komai ba, kuma wanda ya gano haka sau ɗaya ba ya mantawa. Ana amfani da faffaɗan ƙyalle maimakon siririyar waya, ana kuma auna wutar da na'urar gwaji a kai a kai. Lantarki yana da kyau wajen raba fili ko kare katako daga tauna, amma bai isa zama iyaka ta ƙarshe a bakin titi ba.

Ƙofa da alhaki

Ƙofa takan kai faɗin mita 3.6, kuma ya fi kyau ta buɗe zuwa ciki. Dawaki da yawa suna koyon zare sakata da leɓe, don haka ake ƙara sarƙa ko kwaɗo, ana kuma kifa ƙarfen sama da ƙyauren ke juyawa a kai don kada a ɗaga shi a cire. Inda mutane da yawa suke shiga da fita, mantuwar mutum ɗaya ta isa ta saki garke.

A Ingila da Wels, dokar dabbobi ta 1971 tana iya ɗora wa mai riƙon doki alhakin ɓarnar da ya yi ko da babu sakaci. A 2003 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya sun tabbatar da haka a shari'ar wasu dawaki uku da suka firgita da dare a yankin Debon, suka ture shinge suka fita babban titi, ɗaya ya yi karo da mota ya raunata direban. Saboda irin wannan ne yarjejeniyar haya take fayyace wanda zai duba shinge kullum, da wanda zai biya gyara idan doki ya karya katako, kuma barga da yawa ba sa karɓar doki sai mai shi ya nuna inshorar ɓarnar da dokin zai iya yi wa wasu.