Takardar shaidar mutuwar aure: yadda ake karɓarta a ofishin rijistaran kotu

Mace kan yi shekara biyar da barin gidan miji babu wanda ya tambaye ta takarda. Sai ranar da wani ya fito neman aurenta limamin unguwa ya ce a kawo shaida, ko ofishin jakadanci ya riƙe fasfo ya ce sai an nuna inda auren farko ya ƙare, ko tsohon mijin ya rasu dangi su fara gardamar da matarsa ya mutu ko ba da ita ba. A ranar ake tuna kotu, a guje, alhali fayil ya daɗe da shan ƙura. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi, kuma amsoshin sun shafi Najeriya.

Ai miji ya ba ni takardata. Me kuma ya kawo kotu ciki?

A addini saki ya auku tun lokacin da miji ya furta shi ko ya rubuta da niyya, ba ya jiran hatimin alƙali. Amma ki dubi takardar da kyau. Yawanci falle ne da aka yago daga littafin makarantar yara, layi biyu cikin fushi: ni wane na saki matata wance saki ɗaya. Wani lokaci ko kwanan wata babu, balle sa hannun shaida. A ninke ta gida huɗu a cusa ƙasan akwati, zufa da damina su cinye tawadar. Gobe miji na iya cewa ba rubutunsa ba ne, ko ya ce ya mayar da ke kafin idda ta cika, ke kuma ba ki ji ba. Na san wata 'yar uwa da aka tsayar da ɗaurin aurenta ana saura kwana uku saboda irin wannan da'awar, bayan an gama raba goro. Ba banza ba aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a kafa shaidu biyu adilai. Takardar kotu ita ce shaidar da ba ta tafiya ci-rani, ba ta kuma jin nauyin surukai.

Wace kotu za a nufa?

Wadda ta saurari shari'ar, ita kanta, ba wata mai kama da ita a kusa da gida ba. Babu wani ofishi guda a Abuja da ke tara bayanan mutuwar aure na ƙasa baki ɗaya. Kowace kotu ita ke riƙe da littattafanta.

Irin ɗaurin auren shi ke nuna irin kotun. Auren Musulunci na kotun shari'ar Musulunci ne, a Zamfara da jihohi 11 da suka bi sahunta daga shekarar 2000. A Abuja da jihohi irin su Kwara da Filato da Adamawa, kotun yanki ce ke wannan aiki, wadda mutane ke kira eriya kot, magajiyar kotunan alƙalan En'e da aka sauya a ƙarshen shekarun 1960. Auren gargajiya na kotun gargajiya ne. Auren rajista kuwa, wanda aka sa hannu a ofishin rajistar aure ko a coci mai lasisi, Babbar Kotu kaɗai ke da hurumin raba shi, bisa dokar shari'un aure ta 1970. Duk takardar da wata ƙaramar kotu ta bayar a kan irin wannan aure ba ta raba komai ba.

Me zan riƙe idan zan tafi?

Abu mafi muhimmanci shi ne lambar ƙara. Ana samunta a saman sammaci, ko a rasit ɗin kuɗin shigar da ƙara, ko a wurin lauya idan an ɗauka. A shari'un da ba na laifi ba sau da yawa takan fara da haruffan CV, sai lamba, sai shekara. In babu ita, a zo da shekarar da aka yi shari'ar, da watan in an tuna, da sunan alƙalin da ke kujera a lokacin, da sunayen mai ƙara da wanda ake ƙara kamar yadda aka faɗe su a gaban kotu. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci: mace na iya zama Binta a gida, Fatima a katin ɗan ƙasa, a littafin kotu kuma an haɗa ta da sunan mijin maimakon na mahaifinta.

Wanda ya taɓa shiga ɗakin rijistara ya san dalilin wannan nacin. Tebur biyu ne ko uku, kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa, fayiloli ɗaure da zare an jibge su shekara bisa shekara, da manyan littattafan shari'a masu baƙin bango da aka cika da rubutun hannu. Da lamba, magatakarda zai miƙa hannu ya zaro. Ba lamba, sai ya bi shafi shafi yana karanta sunaye, ga layin mutane suna jiransa.

Sai katin shaida, da gajeriyar wasiƙa zuwa ga rijistara mai cewa ana neman kwafin abu kaza a shari'a mai lamba kaza. Wanda bai iya rubutu ba, akwai masu buga takardu a bakin kusan kowace kotu. A yi wasiƙar kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya tambarin karɓa a koma da ita gida.

Wace takarda ce ainihin zan ce a ba ni?

Nan mutane ke kuskure, su biya kuɗin abin da ba shi ake buƙata ba. Akwai takardar shaidar rabuwar aure, falle guda mai sunaye da ranar rabuwa da irin rabuwar, ko saki ne na nawa, ko khul'i, ko alƙali ne ya raba. Akwai kwafin hukunci, mai ɗauke da dalilan alƙali da abin da ya yanke kan riƙon yara da ciyarwa da mayar da sadaki. Akwai kuma kwafin shari'a gaba ɗaya, tun daga da'awa har i'izari, wato damar ƙarshe da alƙali ke bayarwa a kawo hujja kafin hukunci, wanda ake nema idan za a ɗaukaka ƙara. Don sabon aure, falle gudan kan wadatar. Don neman kuɗin ciyar da yara daga uban da ya yi biris, hukuncin ake buƙata.

Ko wanne aka nema, a ce tabbataccen kwafi ake so, wanda ma'aikatan kotu ke ce wa CTC. Hoton takarda kawai daga shagon kwafi ba shi da daraja a gaban wata kotu. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya fayyace abin da ke sa kwafi ya zama tabbatacce: an biya kuɗin da doka ta tsara, an rubuta a ƙasansa cewa daidai yake da na asali, an sa kwanan wata, jami'in ya sa hannu tare da sunansa da muƙaminsa, an kuma buga hatimi inda ofishin ke da shi. Kada a bar gaban teburin sai an ga waɗannan da ido. A kuma karanta sunaye harafi harafi, domin gyaran Hassana da aka rubuta Hussaina ya fi sauƙi a ranar fiye da bayan shekara biyu.

Sakinmu a gida aka yi, ba mu taɓa taka kotu ba. Rijistara zai ba ni takarda?

Ba zai bayar ba, kuma gaskiyarsa ce, domin ba shi da abin da zai kwafa. Hanyar ita ce a shigar da ƙarar neman tabbatar da saki. Kotu za ta aika wa tsohon mijin sammaci. In ya zo ya yi iƙirari cewa ya saka, ranar kaza, saki kaza, magana ta ƙare a zama ɗaya ko biyu, alƙali ya rubuta, a fitar da takarda. In ya musa, sai a koma ga shaidu da takardar hannunsa, alƙali ya auna su bisa ƙa'idojin mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi.

Shawarata ga iyaye da waliyyai ita ce a yi wannan da zarar idda ta cika, tun mijin na gari, tun shaidu na raye suna tuna rana. Na san abin da ke hanawa. Ana ganin kai tsohon suruki kotu tonon asiri ne, musamman in akwai 'ya'ya tsakani ko zumunci. Amma wannan ba ƙarar faɗa ba ce, rubuta abin da ya riga ya faru ne, kuma 'yarku ce za ta ɗauki wahalar rashinsa, ba ku ba.

A yi hattara da abu biyu. Takardar rantsuwa da ake yi a gaban kwamishinan rantsuwa maganar mutum ce a kan kansa, ba hukuncin kotu ba ce. Sannan duk wanda ya ja ki gefe a harabar kotu ya ce zai samo takarda mai hatimi yau yau ba tare da zama ba, takardar jabu yake sayarwa. Ranar da aka aiko kotu neman tabbaci aka duba littafi babu lambar, mai riƙe da takardar za a tuhuma.

A auren rajista fa, an ce takarda biyu ce?

Haka ne. Babbar Kotu kan fara ba da hukuncin wucin gadi, wanda lauyoyi ke kira dikiri naisai. A bisa ƙa'ida sai bayan wata uku yake zama tabbatacce, idan ba a ɗaukaka ƙara ba kuma an daidaita batun yara. Daga nan rijistara ke ba da takardar shaidar cewa hukunci ya tabbata. Wanda ya riƙe ta farkon kawai ya je ya sake aure, a idon doka da aurensa na da. Sashe na 294 na Tsarin Mulkin 1999 ya kuma wajabta wa manyan kotuna ba masu shari'a ingantaccen kwafin hukunci cikin kwana bakwai da yanke shi.

Nawa ake biya, kuma kwana nawa ake jira?

Kuɗin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma kwafin shari'a mai shafuka da yawa ya fi falle guda tsada. Ƙa'ida ɗaya ce: a biya inda aka tsara biya, a karɓi rasit na gwamnati. Sabuwar shari'a kan fito cikin 'yan kwanaki, tsohuwa kan ɗauki makonni, musamman in sai an buga rubutun hannu a kwamfuta alƙali ya duba. Mai niyyar ɗaukaka ƙara kada ya zauna jiran kwafi, domin wa'adin a ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne daga ranar hukunci. In aka yi ta je ka dawo babu dalili, akwai sufetocin kotuna da ofishin babban magatakarda, a kai musu kuka a rubuce tare da kwafin wasiƙar nan mai tambari. Marasa hali na iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

An ce fayil ya ɓata.

Ɓatan fayil ba shi ne ɓatan shari'a ba. A roƙi a duba littafin da alƙali ya rubuta zaman a ciki, da rajistar shigar da ƙararraki. In kotun ta tashi ko an haɗe ta da wata, hedikwatar ma'aikatar shari'a ta jiha ta san inda aka kai littattafanta. A tambayi lauyan da ya yi shari'ar, da ɗaya ɓangaren ma, ko akwai kwafi a hannunsu. In gobara ko ambaliya ta cinye komai, a nemi rijistara ya rubuta hakan a wasiƙa mai hatimi, lauya ya ɗora daga nan.

Zan kai takardar ƙasar waje. Hatimin kotu ya isa?

Sau da yawa bai isa ba. In da Hausa aka rubuta, sai an fassara ta a kuma tabbatar da fassarar. Daga nan ƙasashe da dama kan nemi Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tantance ta, sannan ofishin jakadancinsu ya buga nasa tambarin. A tambayi ofishin da ke nema tsarin da yake so kafin a kashe kuɗin mota.

Zan iya tura yayana ya karɓo mini?

Zai iya, da wasiƙar wakilci mai sa hannunki, da kwafin katin shaidarki, da nasa katin. Wasu rijistarorin kan ce sai sun ga mai shari'ar ko lauyanta, tunda sirrin gida ne a ciki. In ya karɓo, ki sa ya nemi tabbataccen kwafi biyu, ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin waliyyinki, ki kuma ɗauki hotonta a waya inda lambar ƙara da hatimi suka fito sarai.