Waiwaye: Yadda Cutar Nannaɗewar Ganye Ta Samu Gindin Zama A Lambunanmu

Duk lokacin da kwandon tumatir ya yi tsada a kasuwannin Marwa da Garwa da Kusiri na arewacin Kamaru, sai muhawara ta sake tashi a kan abin da ke cin lambuna. Wasu suna zargin irin da ake sayowa, wasu suna cewa maganin feshi ne ya daina ci, wasu kuma suna haɗa komai su kira shi "Ebolar tumatir", alhali wannan laƙabi na tsutsar Tuta absoluta ne, wadda ta yi ɓarna a arewacin Najeriya a 2016. Abin da nake magana a kai daban ne, kuma duk mai lambu ya san kamanninsa: shuka ta tsugune ta ƙi tashi, ganyen kai ya ƙanƙance ya lanƙwashe sama kamar cokali, gefensa ya yi ruwan ɗorawa, fure ya zube tun bai ƙulla ba. Idan ka girgiza shukar, sai farin ƙuda ya tashi daga ƙarƙashin ganye kamar an kaɗe buhun gari. Wannan ƙudan ne ke ɗauko ƙwayar cutar bairos daga shuka mai ciwo ya kai wa lafiyayya.

Farkon labarin sananne ne. A ganyen taba aka fara gano bairos, ta hanyar binciken Ivanovsky a 1892 da na Beijerinck a 1898. Cutar nannaɗewar ganyen tumatir kuwa an gan ta a kwarin Jodan tun shekarun 1930, aka raɗa mata suna a 1964, aka ba da rahoton irinta a Sudan a 1965, ta tsallaka zuwa Jamhuriyar Dominika a farkon shekarun 1990, ta isa Amurka a 1997, sannan Sin a 2006.

Amma sauyin da ya fi shafarmu bai zo daga ƙetare ba, kuma ba kasafai ake ambatarsa ba. A da, akwai tazara a kalandar noman wannan yanki. Bayan girbi, rani yakan ƙone kusan duk wani ɗanyen ganye, lambunan da ake shayarwa da jigo kuma ƙanana ne, a warwatse. Farin ƙuda ba ya rayuwa sai a kan ɗanyen ganye, bairos ɗin da yake ɗauka ma yana bukatar shuka mai rai, saboda haka kowace bazara tana karya musu lago, damina ta fara da ƙarancin cuta. Fari, wato rashin ruwan sama, na shekarun 1970 da na 1984 ya canza wannan lissafi. Da noman damina ya daina riƙe gida, jama'a suka gangara fadamu da bakin kogunan Logon da Binuwai da ƙasar da Tafkin Chadi ya janye ya bari. An gina madatsar Maga a 1979, an kammala ta Lagdo a 1982, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, birane kuma suka bunƙasa suna neman kayan miya rani da damina. Babu mai hankalin da zai raina wannan ci gaba, domin noman rani ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai shi ne kuma ya toshe waccan tazara. A yau auduga tana bushewa a ƙarshen shekara daidai lokacin da ake dashen tumatir da tattasai, ƙudan ya baro gonar auduga ya sauka lambu. Kafin a tuge tsohon tumatir an riga an yayyafa sabon iri a gefensa, kuɓewa ta karɓa, daga nan damina ta dawo. Cutar ta samu gada mai tsawon wata goma sha biyu.

A nan ne batun bambancin nau'o'in bairos ya shigo. Dangin bairos da farin ƙuda ke yaɗawa, wato begomobairos, sun haura nau'i 400, kuma idan biyu suka haɗu a shuka ɗaya sukan yi musayar ɓangarorin ƙwayoyin halittarsu, wani sabo ya fito. Haka ta faru a rogo a Yuganda a shekarun 1990, inda gaurayen nau'i biyu ya haifar da annoba, haka kuma a Maroko wani gauraye ya kori iyayensa daga gonakin tumatir mai jure cuta. Sunayen da masana suka raɗa sun isa shaida cewa muna tsakiyar lamarin: akwai nau'in da ke ɗauke da sunan Gezira ta Sudan, wanda aka fara sani a auduga kuma aka same shi a kuɓewa a Nijar da Kamaru, akwai na tattasai mai sunan Mali, akwai na tumatir mai sunan Kamaru kanta. Kowace fadamar da ba ta hutawa, mahaɗa ce ta waɗannan nau'o'i.

Shi ya sa nake ganin ƙara feshi bai taɓa asalin matsalar ba. Magani ba ya warkar da shukar da ta riga ta kamu, yawan feshi kuma yana kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, ya bar mai taurin kai ya hayayyafa. Wuraren da suka samu sauƙi, tazarar suka mayar. A Jamhuriyar Dominika an ware wata uku a shekara ba a shuka abin da ƙudan ke zama a kai, noman tumatir ya farfaɗo. A Baginda, kusa da Bamako, manoma sun bar wata biyu babu tumatir babu tattasai, cutar ta ragu. A wuraren biyu, dukan masu noma a yankin ne suka tuge tsofaffin shuke-shuke a lokaci guda, domin idan mutum ɗaya ya bar nasa a tsakiyar fadama, daga can ƙudan zai tashi ya sauka a kan yabanyar maƙwabta.